Daga Bakin Gado Zuwa Masallacin Unguwa

Mu Katsinawa mun iya dubiya, wannan kam ba cika baki ba ne. Ranar da aka ce an kwantar da wane a asibiti, kafin la'asar barandar ɗakin ta cika da masu kulolin abinci da ledojin lemo da ayaba, har sai ma'aikatan jinya sun riƙa roƙon mutane su ragu. Idan aka sallamo shi, sati guda ko biyu zaure ba ya rabuwa da takalma. Daga wata na biyu kuma sai ƙafa ta ɗauke. An ji ya tashi, an yi wa Allah godiya, kowa ya koma kan sabgarsa. To a daidai wannan lokacin ne aikin jinya na gaske yake farawa, kuma a nan ne na ga mutane da dama sun sare, alhali jikinsu bai sare ba.

Da ku nake, 'ya'yana da ƙannena. Kai ɗan acaɓan da aka cire wa filasta, ka dubi ƙafarka ka ga ta tsotse kamar ba taka ba. Kai Alhaji da hawan jini ya kayar, ɓarin jiki ya shanye. Ke 'yata da aka yi wa aiki aka ciro jariri. Da ke Hajiya da zazzaɓi ya kwantar sati uku, kika tashi gwiwoyi sun ƙi ɗaukarki. Cutukanku daban-daban ne, amma abin da ke cin ranku ɗaya ne: kuna auna jikin yau da jikin bara. Na sha jin mai jinya yana cewa, "Ni da nake takowa daga Ƙofar Kwaya har Ƙofar Soro ban tsaya ba, yau ga ni bayi ma sai an riƙe ni." Gaskiya ya faɗa. Sai dai duk wanda ya riƙe wannan ma'auni, kullum faɗuwa zai gani, ko da kuwa jikin nasa gaba yake yi. Ma'aunin mai murmurewa shi ne satin jiya. Satin jiya mutum biyu ke tayar da kai, yau mutum ɗaya. Satin jiya a bakin gado kake tsayawa, yau ka kai ƙofar ɗaki. Wannan sauƙi ne, kuma ba wani sauƙi daban da zai zo daga baya ya same ka a kwance. Ta wannan hanyar yake zuwa. Tun kakanni ake cewa ciwo farat ɗaya yake shiga, sauƙi sai a hankali, kowa ya haddace zancen, amma ranar da abin ya zo kansa sai ya manta rabin ƙarshen.

Bari in fara da kwanciya, don ita ce muke ɗauka magani. Duk wanda ya shigo dubiya ya tarar da mai jiki yana ƙoƙarin miƙewa, abin da zai fara cewa shi ne, "Haba Baba, koma ka kwanta, kada ka wahalar da kanka." Ƙauna ce ta sa, ban musa ba. Amma a 1966 wasu likitoci a birnin Dallas na Amurka sun yi wani gwaji da ya kamata kowane mai dubiya ya sani. Samari 5 suka samo, 'yan shekara 20, lafiyarsu ƙalau, suka kwantar da su a gado sati 3 ba tashi. Da aka tashe su aka auna, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu wajen aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan haka aka sa su motsa jiki na kusan wata 2, ƙarfin ya dawo. A 1996 aka sake kiran mutanen nan biyar, lokacin kowannensu ya kai hamsin, aka sake aunawa. Sai aka tarar kwanciyar sati 3 ɗin nan ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfi. Samari ke nan masu jini a jika. Ina ga dattijo? Wani gwajin da aka yi da lafiyayyun tsofaffi ya nuna kwana 10 a gado kan zaftare kusan kilo guda na tsokar ƙafafu.

Su kansu likitocin Turai da Amurka sun daɗe cikin wannan kuskure. Kafin shekarun 1950, wanda ya samu bugun zuciya akan kwantar da shi kusan sati 6, ko juyi ba a son ya yi da kansa. A 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka bayyana cewa marasa lafiyar da suke saukowa daga gado suna zaunar da su a kujera sun fi samun kansu. Kujera fa, ba gudu ba, ba tsalle ba. Daga wannan ɗan zaman aka faro abin da ake yi yau, inda za a yi wa mutum tiyata, washegari ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce ya tashi ya taka. Dangi su yi ta ganin rashin tausayinta. Ita kuwa gudu take kada jini ya daskare masa a jijiyoyin ƙafa, kada majina ta kwanta a huhu ta zama limoniya, kada baya ya yi gyambon kwanciya.

Akwai wani tsohon tela a layinmu da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutum ne mai tsabta da kunya, irin waɗanda ko hula ba sa yarda su fito ba ta zauna daidai ba. Abin da ya fi ci masa rai ba tafiyar ba ce, tazuge ne. Wani ne zai ɗaure masa wando, wani ne zai kwance masa. Likitan gashin ƙashi ya koya wa uwargidansa wani aiki: ta zuba wake a ƙaramin kwano, ta ajiye wani kwanon a gefe, shi kuma ya riƙa tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya da hannun da ya shanye yana mayarwa. Farkon abin, yatsun nan ko haɗuwa ba sa yi. Ya kai hannu, waken ya sulluɓe, ya sake kaiwa, gumi na tsattsafo masa a goshi, jikokinsa na leƙe ta labule. Ran da ya tsinci uku sai ya ture kwanon, ya ce shi da ya ɗinka wa manya riguna ba za a mai da shi yaro ba. Ita kuwa ba ta ce masa komai ba, ta kwashe waken, gobe bayan azahar ta sake ajiyewa. Daga wake aka koma carbi, daga carbi aka koma riƙon buta. Wata rana da hantsi ya fito zaure, na gaishe shi, maimakon ya amsa sai ya ɗaga gefen rigarsa ya nuna mini ƙullin tazugen. Ya karkace, kuma ɗauri ɗaya ne, amma shi ya yi. Bai koma kan keken ɗinki ba har yau, kuma ba na tsammanin zai koma. Amma yana zuwa bayi shi kaɗai, yana alwala da kansa, yana cin tuwo da hannunsa na dama.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka alkawarin komawa tsohon jikinsa nake yi masa. Wani zai koma, wani ba zai koma ba, wannan na Allah ne. Amma tsakanin wanda ake ɗauka a kai bayi da wanda yake dogarawa ya je da kansa akwai tazara mai girma, kuma tazarar nan da ƙananan abubuwa irin tsintar wake ake cike ta.

Jiki yana da nasa lissafin da gaggawa ba ta canzawa. Sashen ƙwaƙwalwar da jini ya yanke wa ba ya farfaɗowa, maƙwabtansa ne suke koyon aikinsa, kuma ba sa koyo sai da maimaici, sau ɗari, sau dubu. Shi ya sa hannun da aka rungume aka daina amfani da shi yake ƙara mutuwa. Watanni ukun farko zuwa shida su ne lokacin da sauƙin shanyewar ɓarin jiki ya fi sauri, saboda haka asara ce babba a ɓata su a kwance ana jiran jiki ya yi ƙwari, ko ana yawon neman wanda zai cire sammu. Bayan wata shida ma ƙofa ba ta rufe ba, tafiyar ce take rage sauri. Jijiyar da ta ji rauni a hannu ko ƙafa kuwa, tohonta bai wuce kimanin milimita ɗaya a rana ba, wato tsawon ɗan yatsa sai ya ci wata biyu zuwa uku. Karayar tsintsiyar hannu kan haɗe cikin kimanin sati 6, ta ƙwauri kan ɗauki wata 3 zuwa 6, kuma haɗewar ƙashi ba ita ce dawowar ƙarfi ba, don tsokar da ta tsotse sai an sake gina ta. Wanda ya san wannan lissafi ba zai tashi a wata na biyu ya ce magani ya ƙi ba.

Addininmu ma bai ce sai duka ko babu ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla, aka ba shi amsar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani: a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Ga mai murmurewa wannan tsani ne da zai hau daga ƙasa. Wanda ya yi wata guda yana salla a kwance, ranar da ya yi ta a zaune ranar godiya ce. Daga nan ya yi kabbarar harama a tsaye sannan ya zauna. Daga nan raka'a guda cikakkiya. Ranar da goshi ya sake taɓa ƙasa, tambayi wanda ya daɗe bai yi sujada ba ka ji. Kuma ya tabbata daga Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, haka nan ya tabbata cewa mara lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi lokacin da yake lafiya. Saboda haka Alhaji, kada kunyar kujera ta hana ka sahu. Na san dattawan da suka daina zuwa jam'i don kada a gan su da sanda, suka zauna a ɗaki har ƙafafun suka ida tafiya.

Samari kuma nasu ciwon daban ne. Su ba kwanciya ke kashe su ba, gaggawa ce. Yaro ya gurɗe a gwiwa, kumburi ya saɓe, ya ji ana gasar unguwa, sai ka gan shi ya ɗaure gwiwar da bandeji ya shiga fili, don yana mafarkin wata rana a gan shi a filin Muhammadu Dikko cikin rigar Katsina United. Minti ashirin a ɗauko shi, abin da zai warke a wata biyu ya koma na shekara. Ƙwararrun 'yan wasa da aka yi wa aikin jijiyar gwiwa, da likitocinsu da kuɗinsu, sukan yi wata 9 ko fiye kafin su koma wasa. Ku da kuke son ƙwallo, ku tuna da Nwankwo Kanu. A watan Agusta 1996 ya jagoranci Nijeriya ta ci zinare a Atlanta. Yana zuwa Inter Milan likitoci suka gano matsala a zuciyarsa, a watan Nuwamba aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka. Ya koma kulob ɗin a 1997, amma wasannin da ya buga musu ba su taka kara sun karya ba, har aka fara cewa tasa ta ƙare. Sai a 1999 ya koma Arsenal, a watan Oktoba ya zura wa Chelsea ƙwallo 3 cikin minti 15 na ƙarshen wasa, a shekarar kuma aka sake ba shi gwarzon ɗan wasan Afirka. Ƙwallayen nan uku kowa ya gani a talabijin. Shekara ukun da ke tsakaninsu da wuƙar likita ba a haska su ba, kuma duk wanda aka tsaga wa ƙirji, ko wane ne shi, da 'yan taku a barandar asibiti yake farawa.

Yanzu kuma ga wayoyi masu ƙirga taku, ga 'ya'ya masu son iyayensu suna cewa, "Baba, an ce sai taku 10,000 a rana." Baba ya duba ya ga 900, ya ajiye sanda ya ce to me ya yi ke nan. Wannan adadi ba daga likitoci ya fito ba, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali, wadda aka fitar a Japan a 1965. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard suka bi mata tsofaffi kusan 17,000, matsakaicin shekarunsu 72, suka ga masu taku kimanin 4,400 a rana mace-macensu ya yi ƙasa sosai da na masu taku 2,700, kuma amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Ribar mafi tsoka tana can ƙasa, wurin wanda ya tashi daga kusan babu zuwa kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, amma ita ma a ƙa'idojinta na 2020 ta ce kaɗan ya fi babu, a fara da ƙanƙani a riƙa ƙarawa. Ku lissafa da kanku: in tsakanin gidanka da masallaci tafiyar minti 3 ce, zuwa da dawowa sau biyar ya ba ka minti 30 a rana. Ba sai ka sayi takalmin gudu ka bi samarin da ke sassarfa a hanyar Dutsin-Ma bayan asuba ba. Hasali ma mai sanda ya nisanci babban titi da bakin gadar ƙasan da aka gina zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, inda babura ba sa jiran kowa. Lungun unguwa ya ishe shi, da sassafe ko da yamma liƙis, musamman a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafin Katsina kan haura 40.

Mata kuwa abin nasu kashi biyu ne, kuma duka biyun muna zaluntar su. Tsohuwa in ta kwanta, sai a kewaye ta da jikoki, wannan ya miƙo ruwa, wancan ya miƙo buta, ba a barin ta ta ɗaga ko tsinke, har ta zama ta ɗaki. Yarinyar da aka yi wa aikin haihuwa kuma, ana gama suna sai ka gan ta tana jan guga ko ɗaukar bokiti, don kada dangin miji su ce raguwa ce. Ita tsohuwar tana bukatar a bar ta ta zagaya tsakar gida, ta tsince shinkafa, ta ninke kayanta. Ita yarinyar tana bukatar tafiya a hankali kullum, amma a ɗauke mata daka da ɗaukar nauyi har kimanin sati 6, ko yadda likita ya ce. Uwar miji ta gari a nan ake gane ta.

Kada kuma wani ya ji nasihar nan ya ce na ce a yi ta maza. Akwai gajiyar da take ta aiki ce, wadda hutun dare ke ɗaukewa, akwai kuma alamun da in sun zo sai a tsaya a nemi likita: ciwon ƙirji, numfashi ya gagara, jiri, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ciwo mai suka a wurin karaya. Wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko magana ta harɗe, ko hannu ya saki, asibiti za a nufa da shi a take, ba a jira gari ya waye. Mai karaya a yi masa hoto ko da wurin mai ɗori za a je, kuma in an ɗaure gaɓa yatsu suka yi sanyi ko suka fara baƙi, a kwance a garzaya, don ɗauri mai tsanani ya jawo wa yara da yawa yanke hannu. Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ga asibitin Janar Amadi Rimi a Batagarawa, ga na ƙashi na Dala a Kano wanda yake aiki tun 1959. Na san kuɗin mota da na ganin likita ba wasa ba ne a wannan zamani. In ba za a iya zuwa kowane sati ba, a tafi da mutum ɗaya mai natsuwa daga gida, a roƙi likitan ya koya masa abin da za a riƙa yi, a ɗauka a waya in ya yarda. Kuma maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Ranakun koma-baya za su zo. Jiya ka kai bakin layi, yau ƙofar gida ta gagare ka, sai zuciya ta ce duk wahalar banza ce. Saboda irin wannan rana nake ba da shawarar a sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta, duk Juma'a a rubuta abin da mai jiki ya iya a satin, da boko ko da ajami: ya zauna minti goma ba jingina, ya sa hula da kansa, ya taka har gindin darbejiya. Ƙwaƙwalwa tana manta inda aka faro, takarda ba ta mantawa. In kuma kuka ga shirun nasa ya yi yawa, ya daina cin abinci, ya daina son ganin mutane, kada ku ce taurin kai ne ko raunin imani. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki sukan faɗa ciwon damuwa, kuma shi ma yana da magani, a gaya wa likita.

Ku kuma masu dubiya, roƙona gare ku ƙarami ne. Ku rage cika ɗaki a satin farko, ku ajiye wata ziyarar sai wata na uku da na biyar, lokacin da ba mai zuwa. In kun je, ku bar labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe, ku bar "Allah sarki, kamar ba shi ba" a bakin ƙofa, yana jin ku. Ku tambaye shi me ya iya a wannan satin wanda bai iya ba a wancan, in ya nuna muku ku yi murnar da gaske. In ya kai hannu zai ɗauki kofi, ku danne zuciyarku ku bar shi ya ɗauka, ko da rabin ruwan zai zube. Sannan in likita ya ba shi izinin takawa, ku miƙo masa takalmansa, ku tsaya ta ɓarin da ba shi da ƙarfi, ku raka shi masallaci da irin saurinsa, ko da za ku rasa raka'ar farko. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.